Digiri da Tsintsiya: Wasiƙa daga Kentaki zuwa Gumbin Kure

Berea, Jihar Kentaki, Amurka
12 ga Mayu, 2024

Takarda ta fito daga hannun ɗanku mai neman albarkarku dare da rana, zuwa ga mahaifina Baba Malam da mahaifiyata Inna, a Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da tambayar lafiyarku da ta iyali baki ɗaya, da ta bisashe, har da jakin nan da ya kayar da ni a hanyar fadama, wanda na yafe wa tun ranar da na haye teku. Idan kuna lafiya, alhamdu lillahi, haka muke a nan.

Amma bayan haka, ko da yake muna gaisawa ta waya kowace Juma'a in Baba ya dawo daga kasuwar Jega, na ga ya dace in rubuto wannan bushara a takarda, saboda Baba ya sha faɗa mana cewa maganar waya iska ce, alhali rubutu shaida ne. Busharar kuwa ita ce, cikin yardar Allah da albarkar addu'arku, makon jiya na sauke karatun da na zo yi, an kira sunana a bainar jama'a, an miƙa mini takarda. Ina roƙon ƙanena wanda zai karanta muku wasiƙar nan ya ji tsoron Allah, ya karanta ta yadda take, kada ya tsallake wurin da na ambace shi.

Da fari sai in ba ku labarin lokacin da muke ciki, wanda masu ƙamus suka fassara mana da bazara, Allah ya gafarta musu, domin babu abin da ya haɗa shi da bazararmu sai lissafin watanni. Tamu bazarar, wadda rana take gasa ƙasa har kaza ta riƙa yawo baki buɗe, rijiya ta ja baya, magidanta su fito da tabarmi tsakar gida, kowa yana sharar gona yana duban gabas ko hadari zai haɗu, ita ce lokacin haƙuri. Tasu kuwa lokacin sakin jiki ne, domin bayan wata uku ko huɗu na sanyin da yake daskarar da ruwa a kan hanya, sai itatuwan da suka tsaya ƙayau kamar an yi musu wuta su fitar da fure fari da ja tun kafin ganye, ciyawa ta rufe ƙasa, mutanen da suka wuni a ƙunshe kamar ƙullin magani su fito suna murmushi ba tare da wani dalili ba. Ita wannan ciyawa, wadda jihar take alfahari da ita, sunanta a harshensu shuɗiyar ciyawa, amma shekara huɗu ke nan ina dubanta safe da yamma, ban taɓa ganinta ba sai koriya shar. Abin da ya fi ci mini rai, Baba, shi ne a daidai watan da kuke sayen harawa da tsada, a nan wani mutum yake hawa ɗan inji ya aske ta ƙwal a bar ta a ƙasa, babu ko akuya ɗaya da za ta yi godiya.

Su ɗalibai kuwa, da zarar rana ta leƙo, sai su shimfiɗa barguna a fili su kwanta a cikinta da gangan, littafi a kan fuska, kamar barkonon da Inna take shanyawa. Waɗansu su tsaya nesa da juna suna jifa da wani faifan roba, wannan ya wurga wancan ya cafe, tun azahar har la'asar, ba tankaɗe ba bakace. Ni kuwa da na tuna abin da ya same ni ranar da na wurga faifan Inna, har yau hannuna bai yarda ya taɓa nasu ba. Akwai kuma kurege, masu ƙiba, masu raini, da suke zuwa har gaban mutum su tsaya suna kallonsa yana cin gurasa. Na tabbata da za a saki ƙanena da abokansa da karnukansu na yini guda, da an rufe wannan babi. Ni dai rabona a wannan ni'ima shi ne atishawa, domin ƙurar furen nan ba ta jituwa da hancina, wanda ya jure wa hazon hunturu shekara ashirin bai yi ƙara ba.

Azumin bana ya zo mana da wani al'ajabi. Ranar Lahadi 10 ga Maris, jajibirin ɗaukar azumi, hukuma ta umarci kowa ya tura agogonsa gaba da sa'a guda, kamar yadda suke yi kowace shekara, sai ga magariba ta koma wajen ƙarfe takwas saura. Wani abokina ya zauna ya yi mini bayani da alƙalami cewa tsawon yinin bai ƙaru ba ko da daƙiƙa, na kuwa gamsu da hujjarsa ta fuskar hankali, illa dai cikina ya ƙi karɓar fatawar. Sa'an nan ranar Litinin 8 ga Afrilu, azumi yana gab da ƙarewa, aka yi kusufin rana, wanda masana taurari suka faɗi ranarsa da sa'arsa tun shekaru da yawa. A nan Berea saura ƙiris ta rufe duka, gari ya yi duhu-duhu, sanyi ya sauko, jama'a suka fito da tabarau na kwali suna ta sowa suna cin alewa. Ni na koma ɗaki na yi alwala, na tsaya zan kabbara, sai na tuna Baba ya karantar da mu cewa a mazhabar Imamu Malik lokacin sallar kusufi kamar na idi ne, daga hantsi zuwa zawali, ga shi kuwa wannan ya zo bayan azahar. Na yi istigfari da addu'a na bar sauran ga Allah. Amma ina roƙo a kai wa Liman wannan mas'ala, a gaya masa ta fito daga almajirinsa na Kentaki wanda bai gama Iziyya ba.

Yanzu sai in koma ga ita makarantar, domin Kawu ya daina gaya wa mutanen majalisa cewa ina wata jami'a mai girman Birnin Kebbi. Ƙaramar kwaleji ce a gindin duwatsu, kudu da birnin Lexington inda muka je sallar idi, ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba, har malami yakan san wanda bai zo aji ba, ya kuma tambaye shi dalili in sun haɗu a hanya. Wani malamin Kirista mai suna John Fee, wanda ya ƙi jinin bauta a zamanin da ake sayar da mutane a wannan jiha, shi ya kafa ta a 1855 domin baƙaƙe da farare, maza da mata, su yi karatu tare. Tun 1892 kuwa ba ta karɓar kuɗin karatu. Sharaɗin shigarta biyu ne, ƙoƙari da rashin dukiya, ɗan mai kuɗi ba ya samun gurbi. Wannan ne karo na farko a tarihin gidanmu da talauci ya tsaya mana a matsayin takardar shaida, kuma alhamdu lillahi ba mu sha wahalar tabbatar da shi ba.

Sai dai akwai sharaɗi na uku wanda na ɓoye muku shekara huɗu, yau kuwa tun da takarda ta shiga hannu zan fasa ƙwai. Wajibi ne kowane ɗalibi ya yi wa makaranta aiki na aƙalla sa'a goma a mako, wani a gona, wani a ɗakin girki, wani a masaƙa, wani a masaukin baƙi. Ni, ɗan Malam, jikan Malam, wanda aka raka tasha da addu'a da kuka, aikin da ya faɗo mini shi ne ɗaurin tsintsiya. Wallahi Inna, tsintsiya. Da wata irin dawa ake yin ta, 'yar'uwar wadda muke shukawa, mai dogayen zangarnu marasa ƙwaya sosai, a jiƙa, a ɗaure a jikin sanda, a yi mata saƙa mai launi. Masu yawon buɗe ido su saya da daloli, waɗansu ma su rataye ta a bango don ado, ba ta taɓa ganin shara ba. Ranar farko na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata, ina tuna yadda nake sulalewa in an ce in share zaure. Amma da na ga 'ya'yan mutane suna wanke tukwane da safe, da rana su shiga ɗakin gwaji, ba wanda ya raina wani, sai na gane cewa abin da Inna ta yi shekara da shekaru tana koya mini kyauta a bakin murhu, shi ne na hau jirgi na zo koya a hannun Nasara. Haka kuma fannin da na karanta, wato noma, wanda Kawu ya ce da an ba shi kuɗin jirgin da ya koya mini shi a Aliero cikin damina biyu, har da kyautar albasa.

Ranar saukar karatu, wadda su a harshensu suke kira da kalmar da ma'anarta farawa, mu kuwa muke cewa sauka, kowa da inda ya sa gaba, aka tufatar da mu da wata baƙar alkyabba mara aiki ko na sisi a wuya, irin wadda suka gada daga malaman coci na jami'o'in Turai na dā. Aka ɗora mana hula mai faffaɗan kai kamar an kifa wa mutum allo, da tuntu yana lilo a dama, wanda ba a mayar da shi hagu sai an tabbatar da digiri. Muka jeru bibbiyu, ana busa da kiɗa, malamai a gaba cikin riguna masu launi kamar hawan salla ba dawaki. Tun da sati guda aka ce kowa ya rubuta yadda ake faɗin sunansa, mai sanarwa kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, har na ɗan tsaya ina jiran mai sunan ya tashi kafin na gane ni ne. Iyaye suka cika wuri, wata tsohuwa daga cikin duwatsu, wadda jikarta ce ta fara yin digiri a zuriyarsu, ta yi ta kuka tana rungumar duk wanda ya gifta. Da ta ji nawa iyayen suna wata nahiya sai ta nufo ni hannu buɗe, na yi ta maza na miƙa mata hular ta riƙe. Daga ƙarshe waɗansu suka wurga hulunansu sama. Ni na riƙe tawa gam, saboda na san komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma na yi alkawarin kawo wa Inna ita ta rufe tulu.

Da dare ya yi, abokai suka tafi cin abinci da danginsu, na zauna na buɗe takardar ina dubawa. Akwai sunana, da sunan makaranta, da hatimi, da sa hannun shugabanni, amma babu silsila. Sai na tuna ranar da na sauke Alƙur'ani, da allo mai zayyana, da ragon da Baba ya yanka alhali ba shi da na biyu, da yadda aka zaga da ni gidajen dangi. Na kuma tuna abin da Baba yake faɗa, cewa ijaza ba ta cika sai an ambaci wanda aka karɓa daga gare shi, shi ya sa Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malamansa, ya kuwa fara da mahaifinsa wanda ya koya masa Alƙur'ani. Saboda haka na ɗauki fensir na rubuta tawa silsilar a wata takarda na liƙa a bayan tasu: na karɓa daga malaman Berea, bayan na karɓa daga malaman sakandare da na firamare, bayan na karɓa daga Baba a zaure da hasken fitila, bayan na karɓa daga Inna, wadda ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin jarrabawa, ta ce wa maƙwabta wai tunkiyar ce ta cika ɓarna. Buhunan albasar da suka tafi a kan fasfo ma na ba su layi guda, domin su ne shahidan wannan tafiya.

Game da dawowa, doka ta ba ni izinin shekara guda ta koyon aiki, ina so in yi ta a wurin masu adana amfanin gona, domin abin da yake ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi ya daɗe yana damuna. Bayan haka in zo in yi bautar ƙasa, in Allah ya yarda. A gaya wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, babu wata Baturiya, wadda duk ta ji sana'ata tsintsiya ce takan yi mini fatan alheri. A gaya wa masu aiko da saƙon waya da babur cewa na duba itatuwan garin nan ɗaya bayan ɗaya, fure suke yi, ba dala ba. Ƙanena kuma, wanda na ji labarin ya fi sanin hanyar kasuwar Jega da ta makaranta, ya sani cewa na ɗaura tsintsiya ta musamman mai kauri domin shi, kuma ba shara za a yi da ita ba.

Ina gaida Liman, da Kawu, da Gwaggo, da dukan wanda ya tambaye ni. A ci gaba da sa ni a addu'a, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Haza wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
mai digiri ɗaya da tsintsiya goma sha biyu a cikin akwati.