Mussar da ake yi wa ɗinkin Sallah

Da za a wayi gari a Bakura a ga kyanwa tsirara tana bin gindin katanga, fata duk ta yamutse, kunnuwa a miƙe, ba sai an nemo likitan dabbobi ba. Kafin hantsi unguwa ta gama yanke hukunci. Dattawa za su ce kirci ne ya cinye ta. Matan gida za su ce a murhu ta kwana, wuta ta babbake ta. Wata gwaggo kuma za ta janye jikokinta ɗaki ta tofe su da addu'a, don a wurinta wannan ba mussa ba ce, wani ne ya rikiɗa. Tambaya ɗaya ce ba za ta faɗo wa kowa a rai ba: nawa take?

A birnin Toronto na Kanada kuwa, tambayar da aka yi ke nan. A 1966 wata kyanwar gida ta haifi ɗa ba gashi, aka raɗa masa suna Prune. Maimakon a yi jaje, sai masu kiwo suka hango kasuwa. Zuriyar Prune ba ta yi nisa ba, amma a 1975 da 1976 aka sake haifar wasu biyu a wata gona da ke jihar Minesota ta Amurka, daga baya kuma aka tsinci wasu a titunan Toronto, aka aika biyu daga ciki zuwa Holan aka haɗa su da wani jinsin mai suna Devon Rex. Daga nan aka samu kyanwar da duniya ke kira Sphynx. Masana sun ce tangarɗa ce a ƙwayar gado mai suna KRT71, kuma sai ɗa ya gaje ta ta wajen uwa da uba sannan ya fito haka. Wato lalura ce, sai dai lalura mai takardar shaida.

Tun da ta fito a fim ɗin barkwanci na Austin Powers a 1997, kwance a cinyar mugun fim ɗin, tauraruwarta ke haskawa. A Amurka ɗan jaririnta yakan haura dala 1,500, kuɗin da mutum zai shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata ya fito da bijimi a igiya.

Abin zai ɗaure wa mutumin Bakura kai, domin a nan ba a san cinikin kyanwa ba. Ko dai ta maƙwabta ta haihu a roƙo ɗaya, ko kuma ita da kanta ta hauro katanga ta ɗauki kanta aiki. Yarjejeniyar a fili take: ta tsare rumbu da buhunan shinkafa daga ɓarnar kusu, a biya ta da ƙanzo da ƙayar kifi, wani lokacin a haɗa mata da jifa da takalmi idan ta leƙa tukunya. Ba ta da suna, ba ta da kati a asibiti, ba wanda ya taɓa yi mata wanka. Ko a wajen malamai ma sai da aka yi saɓani kan halascin sayar da kyanwa, duk da girman matsayinta a gidan Musulmi, inda kowane ɗan makarantar allo ya san dalilin da ya sa ake kiran babban sahabin nan Abu Huraira.

To, a ƙaddara wani alhaji ya gaji da raguna Balami da tantabaru, ya ga baƙuwar a TikTok, ya yo odarta. Ranar da ta sauka, ranar yarjejeniya za ta juye: da kyanwa ke yi wa gida aiki, yanzu gida ne zai koma yi wa kyanwa.

A fara da wanka. Fatar kowace kyanwa tana fitar da maiƙo, gashi ne ke shanye shi. Wannan da ba ta da abin shanyewa, maiƙon taruwa yake yi ya kama ƙura, ya bar shaida a zanin gado da farar shaddar maigida. Don haka masu kiwonta kan yi mata wanka kusan duk mako da ruwan ɗumi da sabulu marar zafi, a goge cikin kunnuwa, a bi tsakanin farata, a tsane ta da tawul. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, ita kuwa kullum ranar wankanta ce. Mai ruwa zai ƙara jarka ɗaya a lissafi, kuma ba ta yara ba ce.

Sai yanayi. A bazara, lokacin da zafin Zamfara ke haura digiri 40, rana ƙona fatarta take yi, don haka ba fita tsakar gida. Sai ɗaki, sai fanka, sai a ƙaro farantin sola saboda baƙuwa. Da damina, ko lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya kwanta a fadamun shinkafa daga Maradun zuwa Bakura, sauro zai tarar da tuwo ba murfi, dole a kafa mata gidan sauro nata na kanta. Hunturu ne babbar jarrabawa. Jikinta ba ya riƙe ɗumi, shi ya sa take cin abinci fiye da sauran kyanwoyi, kuma ba ƙanzo ba. A Turai har rigunan sanyi ake saƙa mata. A nan sai dai a ɗauke ta a kai shagon tela, a tsaya ana kallo yana zagaya awo a ƙirjin mussa, almajiransa na danne dariya.

Aikin fa? Yawancin irinta ko gashin baki babu, ko kuma guntaye ne a karye, alhali da shi kyanwa ke laluben hanya cikin duhu. Ba wanda zai tura dukiyar miliyoyin naira cikin rumbu ta yi kokawa da gafiya. Kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi. Ƙarshenta sai an roƙo wata mussar daga maƙwabta, mai gashi, ta zo ta yi gadin abincin mai takarda.

Inda abin ya fi daɗi shi ne wajen 'yan ganin baƙuwa. Mutum zai yi sallama, ya hango ta a kan kushin kamar figaggiyar kaza, ya ja da baya.

"Subhanallahi! Alhaji, mi ya samu mussag ga?"

"Haka aka halicce ta. Daga waje aka kawo ta, miliyan uku."

Nan take fuska za ta sauya. "Masha Allahu! Ai da gani ka san ba ta nan ba ce. Dubi fata sai sheƙi! Alhaji, in ta haihu a tuna da ni."

Wannan bakin ne dai ya ce kirci ɗazu. Ba abin da ya canja a jikin kyanwar, farashi kawai aka faɗa. Kafin la'asar an ɗauki hoto da ita ya fi a ƙirga, kuma wanda bai taɓa ba mussar gidansu ruwa ba zai koma majalisa yana bayani kan irin sabulun da ya dace da ita.

Su kuwa waɗanda suka ƙirƙiro ta sun fara nadama. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2024 ya nuna cewa a Birtaniya kyanwa kan rayu kimanin shekara 11.7, amma Sphynx 6.7 kacal, mafi gajarta a duk jinsunan da aka auna. An san ta da ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda sai an riƙa duba ta da na'ura. Masu sayenta don gudun atishawa ma sun yi asarar kuɗi, domin abin da ke tayar da atishawar yana cikin yawunta da maiƙon fatarta. Holan, ƙasar da ta taimaka wajen raya jinsin, ta hana mallakar sababbi daga 1 ga Janairun 2026, da tarar yuro 1,500 ga wanda ya saɓa.

Wanda ya san tarihin motocin Kwatano da dilolin gwanjo ya san inda kayan da Turai ta gaji da su ke nufa. Saboda haka telolin Bakura su fara koyon yankan riga mai hannu huɗu tun yanzu, Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta garin kuma ta tanadi darasin goge kunnen mussa. Maigida shi ma ya shirya amsar da zai ba uwargida ana jibi Sallah, idan ta je karɓar ɗinkinta tela ya ce ta dawo gobe, bai gama na kyanwar Alhaji ba.