Mazhabobin Baƙar Tawada a Shagunan Buga Riguna

A sana'ar buga riguna da jakunkuna da tutoci ta hanyar skirin, wato ragar nan mai ƙananan idanu da ake ɗamewa a jikin katako ana tura fenti ta cikinta, babu abin da ya kai baƙar tawadar fitar da zane a kan fim raba kawunan ma'aikata. Aikin wannan baƙi guda ɗaya ne tak, shi ne ya tare haske a lokacin da aka ɗora fim a kan ragar da aka shafe da imolshan, sinadarin da ke ƙanƙarewa idan haske ya taɓa shi, domin gurbin da baƙin ya rufe ya wanke da ruwa, sauran kuma ya tsaya daram. Aiki ne da bai kamata ya haifar da saɓani ba, amma duk wanda ya zauna a shagunan bugu na Sabon Garin Kano gab da zaɓe, lokacin da kowane ɗan takarar kansila ke son ganin fuskarsa a ƙirazan magoya baya kafin Juma'a, ya san cewa mazhabobin sun fi firintocin yawa.

Babba a cikinsu, kuma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa, shi ne Mai Ɗaga Fim. Wannan bawan Allah galibi ba shi da firinta, ba shi da shago, kuma ba a san ranar da ya taɓa wanke skirin da hannunsa ba, amma yana da gurbi na dindindin a kan bencin ƙofa, kuma babu fim ɗin da zai fito bai bi ta hannunsa ba. Yakan karɓe shi da yatsu biyu, ya miƙe a hankali, ya fita tsakiyar titi ko da masu adaidaita sahu na danna masa hon, ya ɗaga shi saitin rana, ya rufe ido ɗaya, ya karkatar da kai, sa'an nan ya yi shiru mai tsawo wanda ke sa mai shago ya fara lissafin asarar da bai riga ya yi ba. Hukuncinsa bai wuce kalmomi kaɗan ba, ko dai ya ce baƙin ya zauna, ko ya ce da saura, kuma masu lura sun gano cewa baƙi yakan fi saurin zama a ranar da aka aika a sayo shayi da burodi. Idan aka tambaye shi hujja, sai ya kawo karin maganar nan ta cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, yana mai jan kashi na biyu da ƙarfi, yana haɗiye na farko.

A ba shi haƙƙinsa, ido kan iya kama fim mai tsananin rauni, irin wanda ake hango wayar lantarki ta cikinsa. Matsalar ita ce imolshan ba da hasken da ido ke gani ya fi damuwa ba, abin da ke gasa shi hasken UV ne da ɗan abin da ke maƙwabtaka da shi, tsakanin nanomita 350 zuwa 420, wanda yawancinsa ɗan Adam ba ya gani. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata suka daɗe suna yanka zane a kan Rubylith, jan fim ɗin da ake iya karanta jarida ta bayansa amma yana tare wannan hasken tsaf. Ƙarfin baƙi kuma da lamba ake auna shi: mai lamba 1 yana barin kashi ɗaya cikin goma na haske ya wuce, mai 2 ɗaya cikin ɗari, mai 3 ɗaya cikin dubu, kuma daga 3 zuwa 4 ne ake neman fim mai kyau ya kai. An sha yi wa Mai Ɗaga Fim wannan bayani, kuma a kowane karo yakan saurara da ladabi, ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da yake nufi ke nan tun farko. Daga nan sai ya lasa yatsa don ya nuna wa yara yadda ake gane fuskar fim mai shan tawada, wadda takan yi danƙo idan ta jiƙe, ya dangwala shi daidai kan hancin ɗan takara. Idan skirin ya fito da kyau, to shi ya faɗa. Idan ya lalace, ya gani tun a titi, kawaici ne ya hana shi magana a gaban kwastoma.

Sauran ƙananan mazhabobin ba su buƙatar dogon sharhi. Akwai Mai Ninki, wanda ya yi imani cewa rauni biyu idan aka haɗa su da salatif sun zama ƙarfi, kuma a manyan haruffa yana da gaskiya, sai dai ƙananan rubutu kan fito da inuwa saboda fim biyu ba su taɓa hawa kan juna daidai. Akwai Mai Man Gyaɗa, wanda ya raina fim ɗin gaba ɗaya, yana buga zane a farar takarda ya shafe ta da mai ko kananzir har haske ya riƙa ratsa ta, shagonsa na ƙamshi kamar wurin mai tuya ƙosai. Akwai kuma wanda ke bin bayan kowane fim da baƙar maka yana cike gurbi, har zanen ya koma aikin hannunsa, firinta ta zama mai ba da shawara kawai.

Rigima ta ilimi tana tsakanin mabiya tawadar rini da mabiya tawadar gari. Ta farko launinta narkakke ne a ruwa, don haka takan nutse cikin farin shafen da ke fuskar fim, kuma irin wadda aka haɗa musamman don wannan aiki an ƙara mata abin da ke shanye hasken UV. Ta biyu ƙwayoyi ne ƙanana da ke yawo a ruwa, baƙinsu na da ƙarfi kuma ba ya saurin koɗewa, amma sukan kwanta idan firinta ta daɗe ba aiki, wani lokaci kuma farce kan kankare su daga fim. Kowane ɓangare yana da gawar firinta a bayan shago da yake nunawa a matsayin shaida a kan ɗaya ɓangaren, alhali a mafi yawan lokuta ƙurar hunturu da bushewar iska ne suka toshe ƙananan hudojin da ke fesa tawadar. Mafi haɗari a wannan fage shi ne mai son sulhu, wanda ya ga bai dace Musulmi su rabu a kan tawada ba, sai ya zuba duka biyun a tanki ɗaya.

Na gaba da su a zafin aƙida shi ne wanda ya juye baƙi a duka tankuna shida na firintarsa Epson L1800. Dabarar tana da asali, domin duk hudojin suna aiki babu mai bushewa don zaman banza, amma tana tafiya ne da manhajar da ake kira RIP, wadda ke ƙayyade yawan tawadar da za ta sauka, ta kuma mayar da hoto ɗigo-ɗigo. Shi kuwa ya ji rabin labarin ne, don haka fim ɗinsa kan fito yana naso, cikin kowane ƙaramin harafi ya cike, a shanya shi a igiya har la'asar bai bushe ba, kuma ba ya tuna abin da ya aikata sai ranar da surukarsa ta aiko a fitar mata da hoton biki.

Akwai kuma Mai Ma'auni, mutum mai haƙuri da littafin rubutu, wanda ya mallaki siririn fim ɗin gwajin nan na Stouffer mai matakai 21, kuma ba ya yarda da skirin sai imolshan ya tsaya a mataki na 7. Duk abin da yake faɗa daidai ne, kuma rigunan makarantar da aka ba shi tun farkon zango suna nan a buhu. Daga wannan rukuni ne ake samun masu zama su kasa abokan sana'arsu gida-gida a rubuce.

Dukan waɗannan ana iya zama da su lafiya. Wanda ba a yi wa dariya shi ne maigidan da ke sayen tawada marar suna a tsohuwar gorar ruwa don ya rage 'yan nairori, alhali ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Da fim ya fito da rauni, sai ya umarci yaron shago ya rage lokacin gashi don kada haske ya ratsa baƙin, abin da ke barin imolshan ɗanye yana santsi ta ciki. Skirin zai wanke kamar abin kirki, a fara bugu, sa'an nan a tsakiyar aiki ya fara ɓantarewa, fenti ya ɓulla ta inda ba zane, a kan rigunan da kwastoma ya saya da kuɗinsa. A nan ne maigidan zai ɗaga murya a gaban jama'a a kan lalacewar yaran zamani, ya lissafa rigunan da suka ɓaci, ya ce za a cire daga ɗan abin da yake ba yaron a ƙarshen mako. Yaron ya san musabbabin sarai, domin shi ya ga fim ɗin kafin kowa, amma abin da zai iya faɗa bai wuce Allah ya huci zuciyar Oga ba. Washegari da safe kuma shi za a miƙa wa gorar da kuɗin mota, a ce ya koma wurin mutumin nan na jiya, ya tabbata an cika ta har wuya.