Sakan Ɗaya na Daren Asabar

Wani kamfani ne da ke ajiye bayanansa a rumbun MySQL bisa Linux. Na'ura uku gare su: babba guda da ake rubutu a cikinta, da ƙanana biyu masu kwafi. Duk abin da ya sauya a babbar, sai ta shigar da shi kundinta mai suna binlog. Kowace ƙarama tana da zare ɗaya mai janyo kundin, da wani mai maimaita abin da ya zo. In babu rubutu, zaman jira suke yi, furosesa ta huta.

Ranar Lahadi 1 ga Yulin 2012 da safe, ba mai saye ba mai sayarwa, sai ga ƙararrawa. Furosesar na'urorin ta cika maƙil, fanka na ta kuka. Aka kira shugaban sashe daga gida. Tun daga bakin ƙofa ya yanke hukunci: kwafin nan ne, dama bai yarda da shi ba. Wadda ta haɗa kwafin kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce, tana zaune a wurin.

"Yallaɓai, kwafin lafiyarsa lau," in ji ta. "Ƙananan ba su bin babbar bashin ko sakan ɗaya. Na duba jerin ayyuka, babu tambayar da ke gudu."

"Malama, in lafiyarsa lau, me ke cin furosesa? Aljanu?"

Ya sa aka tsayar da kwafin. Ba abin da ya ragu. Ya sa aka kashe MySQL aka sake tayarwa, ta koma inda take. A nan ya kamata mutum ya dakata, domin wanda ake zargi ya fita daga ɗaki, ɓarnar kuma ba ta tsaya ba. Shi kuwa sai ya jawo takardar neman sayen sabuwar na'ura ya fara cikewa, yana cewa tsofaffin sun gaji.

Ta roƙi a ba ta ɗan lokaci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ta ɗauki shirun a matsayin izini. Abin da ta fara lura da shi a manhajar top, mai nuna abin da ke cin furosesa, shi ne, kaso mai yawa na wahalar yana ɓangaren kanel, zuciyar Linux. Sannan ta ga wata na'urar da ba ruwanta da rumbu, mai gudanar da manhajar Java, ita ma tana cikin wannan hali. Ta ɗora strace a kan MySQL don ta ga me take roƙon kanel. Layi ɗaya ne ke ta zubowa ba iyaka: futex, amsa kuma ita ce wa'adi ya cika. Zare zai ce a tashe shi bayan ɗan lokaci, kanel ta ce ai lokacin ya riga ya wuce, ya tashi, ya ga babu aiki, ya sake neman barci, a sake tashinsa nan take. Kamar maigadin da agogonsa ke bugawa da zarar ya sa haƙarƙari a ƙasa: zai kwana yana zirga-zirga, ya wayi gari a gajiye, ba ɓarawo ko ɗaya.

Ta buɗe saƙonnin kanel na daren, ta ga layin da ke cewa an ƙara sakan a 23:59:60 agogon UTC. Juyin duniya ba ya tafiya daidai da agogon atam, shi ya sa hukumar IERS takan sanar da ƙarin sakan ɗaya lokaci zuwa lokaci, kuma na wannan karo tun watan Janairu aka sanar da shi daga Paris. Kanel ɗin wancan zamani ta karɓi sakan ɗin ta hanyar NTP, tsarin daidaita agogo, amma ba ta shaida wa sashenta mai lissafin gajerun wa'adi ba. Sashen ya tsaya gaba da sakan guda, duk jiran da bai kai sakan ba ya zama wanda ya ƙare tun kafin ya fara. A daren nan Reddit da Mozilla ma sun sha irin wannan.

Ta ba na'urar umarnin date, ta sake saita mata agogo a kan lokacin da dama take nunawa. Kafin ta ɗaga hannu, furosesa ta sauka ƙasa, fanka ta yi shiru. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kwafin bakin aiki.

"Yallaɓai, sai a sabunta kanel, kada wani ƙarin sakan ya same mu a haka."

"Za a duba," in ji shi.

Abin da ke ci mini rai a labarin nan ba rashin sanin shugaban ba ne. Manyan injiniyoyin duniya ma ba su ga abin yana tafe ba. Abin shi ne, shugaban ya zargi mutum a gaban abokan aikinta kafin ya kalli allo, da gaskiya ta fito kuma bai koma gabansu ya wanke ta ba. A taron Litinin ya ce sashensa ya shawo kan matsalar, bai ambaci wadda ta gano ta ba. Takardar sayen na'ura ta wuce, aka sa mata hannu. Da sabuwar ta iso, aka ɗora mata wannan tsohuwar kanel ɗin dai, saboda ita ce a faifan da ke cikin durowarsa.