Sarkin dodanni, ɗan'uwan damo

A 1955 Bert I. Gordon ya yi wani fim a Amurka, King Dinosaur. Aljihu bai kai na ƙera dodo ba, sai ya samo iguwana, wani ɗan'uwan damo, ya matso da kyamara har bakin hancinsa, ya ce ga sarkin dabbobin zamanin da. Jarumai suna ta kwarma ihu, damon kuwa ko a jikinsa. Da za a haska shi a gidan kallo a Cadawa, yara danƙo za su tashi nema, wani dattijo kuma ya tambaya ko akwai yaji. Wa ma za a tsorata? Namu dodon zamanin da, Nigersaurus na Gadufawa, haƙora sama da 500 gare shi, kuma duk don cin tsirrai.