Dila da 'Yan Aiken Dajin Kwali

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin Kwali, tun daga Sheda har bakin Gurara, Kunkuru kaɗai Sarki Zaki ya bai wa izinin kai saƙo. Idan Zomo ya aika wa surukarsa ta'aziyya a Yangoji, sai an yi sadakar arba'in saƙon ke isa. Shi ma sai mai uwa a gindin murhu Kunkuru ke saurara.

Ran nan Dila, malamin daji, ya laɓe a bayan kasuwar Kwali, ya ji 'yan Adam suna hira. Ashe su ma a da NITEL kaɗai gare su, layukan waya ba su kai rabin miliyan ba a duk Najeriya. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kowanne dala miliyan 285, MTN da Econet suka shigo. Da Glo ta zo a 2003 tana lissafi da daƙiƙa, sauran suka bi sahu.

Dila ya faɗi gaban Zaki ya ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe wa tsuntsaye hanya." Zaki ya ce, "Na yarda, amma kai za ka riƙe sandar."

Aka yi gwanjon rassan bishiyoyi, Shaho da Hankaka suka saya da tsada. Saƙo ya koma isa kafin a shanye fura, sai dai kuɗinsa mudun gero ne, ko da "sannu" kawai aka aika. Dabbobi suka yi ta kuka. Kura ta ce, "Malam, ƙwace sheƙunansu mu raba." Dila ya ce, "In na ƙwace yau, wane tsuntsu zai sake kawo tsinke dajin nan?" Sai ya bai wa Tsiriya izini, ita kuwa ƙwaya ɗaya take karɓa a kan kowace kalma. Kafin wata ya mutu Shaho da Hankaka sun rage farashi. Dila ya kuma kafa doka: dole Shaho ya karɓi saƙo daga bakin Hankaka, kuma wanda ya gaji da ɗan aikensa ya sauya ba tare da ya sauya suna ba.

Amma tsuntsayen duk sun taru a bakin kwaltar Abuja zuwa Lokoja, inda ciniki yake. Bushiya ta taso daga Yebu, ƙafafunta duk kaushi, ta ce, "Malam, mu sai mun hau suri muke hango ɗan aike, shi ma wucewa yake yi. Mu ba 'yan dajin nan ba ne?" Gaskiyarta ce, kuma kukanta ya fi na kowa nauyi.

Dila ya kira tsuntsaye. Shaho ya ce, "Allah gafarta Malam, sheƙa ɗaya can ta fi goma nan tsada. Gizo na karɓar kuɗin reshe, Ƙoƙi na karɓar kuɗin ganye, dare ya yi Kura ta warware abin da muka gina."

Dila ya yanke hukunci: haraji ya zama ɗaya, mai ɓarna ya gurfana gaban Zaki, kuma kowane tsuntsu ya zuba ɗan gero a rumbu guda don gina sheƙa a lungu, irin asusun USPF da 'yan Adam suka kafa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Da dare Gizo ya kawo masa kaza don ya sassauta, Dila ya mayar masa da ita a gaban jama'a.

Kafin damina ta sauka, Tsiriya ta yi sheƙa a Yebu, Shaho ya biyo ta don kada ta cinye kasuwar ita kaɗai. Dabbobin Kundu kuwa har yanzu suna hawa suri, kuma Bushiya ce ke raka su wurin Dila kowace ranar kasuwa.

Ƙurunƙus kan kusu.