'Yan Hayar Zuciya

Muhasaba ita ce mutum ya zaunar da kansa ya binciki ayyukan wuninsa, muraƙaba kuwa sa ido a kan zuciya tana cikin aiki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware musu littafi guda cikin Ihya'u, ya jera matakai shida, daga gindaya wa rai sharaɗi har zuwa zarginsa. Duk wanda ya gwada yakan tarar ba shi kaɗai ne a cikin rigarsa ba. Zuciya gidan haya ce irin na ɗalibai a Yelwa: ɗakuna barkatai, mita ɗaya, kowa na rantsuwa ba shi ya shanye wutar ba.

Mai Alkawarin Asuba ne ke fara tashi. Da ya idar da lazimi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, sai ya ƙudurta yau ba fushi, ba gulma. Wa'adinsa kan ƙare a bakin kasuwar Yelwan Tudu, daidai lokacin da mai Keke Napep ya ce ba canji. Wanda ke karɓar baki daga nan bai san an yi wani alkawari ba.

Malam Waswasi buta biyu ba ta isarsa alwala. Yana nan yana gyara niyya liman ya yi ruku'u.

Sufeto ya ƙware a hisabi, amma na maƙwabta. Ya san wanda ya rasa jam'in La'asar, da wanda wandonsa ya ja ƙasa.

Mafi wuyar kamu shi ne Mai Kallon Kansa. Yakan lura ya tsawaita sujada don surukinsa na sahun baya, ya ce wannan riya ce. Sai daɗi ya kama shi, don ba kowa ke da basirar gane riya ba. Ya ankara wannan kuma jiji da kai ne, ya yi istigfari, ya ɗan ɗaga murya yadda na kusa zai ji. Malaman tarbiyya sun fi jin tsoronsa, domin da kayan aikinsu yake sata.

Na ƙarshe Sai-Gobe ne, mai aikin dare. Bayan Isha'i, lokacin da ya kamata a baje lissafi, yakan ba da shawarar a leƙa WhatsApp tukuna. Tubansa na bara ya ɗage shi zuwa azumi, na azumi zuwa bayan Salla, yanzu kuma yana jiran kujerar Makka.