Masu Wankin Kumbo da Masu Hana Wanki

A shekarar 2012 kamfanin CBS na Amurka ya fara fitar da shirin Star Trek: The Next Generation a faifan Blu-ray, an wanke shi fes, sai ga asirin shekara 25 ya tonu: baƙin kwali. A ɗakin tuƙin kumbon Enterprise, wanda aka ce mana yana keta taurari ne a ƙarni na 24, ashe ma'aikata sun lilliƙa guntayen baƙin kwali a jikin allunan da ke bayan Kyaftin Picard, don kada fitilun ɗaukar hoto su yi ƙyalli a kyamara. A akwatin talabijin na 1987 dishi-dishi ya rufa wa kwalin asiri. Da aka wanke, sai ga shi ƙuru-ƙuru kamar faci a gindin wandon ango.

Tun daga nan gardamar ba ta kwanta ba: tsofaffin shirye-shiryen almarar kimiyya, a wanke su ko a bar su da ƙurarsu? Ni dai na gaji da auna hujjoji, na koma kallon masu kawo su, kuma wallahi sun fi shirin daɗin kallo.

Akwai Mai Ƙirga Gashin Gira. Wannan ba ya kallon shiri, bincikensa yake yi, kamar jami'in kwastan da ya tare motar da ba a gaishe shi ba. Hancinsa na gogar gilashin talabijin, yatsansa na kan maɓallin dakatarwa. Kafin ka zauna ya karanta maka cewa tsohon talabijin na Amurka layi 480 yake nunawa, faifan Blu-ray kuma 1080, kuma zaren fim mai faɗin milimita 35 da aka ɗauki shirin a kai ya fi duka biyun ɗaukar bayani. Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Shi ne zai kira ka da tsakar dare don ya nuna maka cewa a babban zanen cikin kumbon da ke ɗakin injiniyoyi, mai zane Michael Okuda ya ɓoye 'yar agwagwa da mota Porsche, don ya tabbata ba wanda zai gani. Shi ne kuma zai dakatar da damben Kyaftin Kirk da Khan na 1967 a Star Trek na farko, ya ce, “Duba da kyau, wannan William Shatner ne?” Ka duba, ka ga wani ƙato daban da aka sa wa rigar kyaftin ya sha duka a madadinsa. Amma tambaye shi me ya haɗa Kirk da Khan faɗa. Sai ya sosa ƙeya ya ce zai sake kallo.

Abokin gabarsa shi ne Malam Kada-a-Taɓa. Ciwonsa ya samo asali ne a 2006, lokacin da Star Trek na farko, na 1966, ya cika shekara 40. Aka wanke kashi 79 ɗin nan tas, sannan aka ga kumbon roba da aka ɗauka da kyamara a wancan zamani bai dace da sabon hasken ba, aka cire shi aka zana wani da kwamfuta. Malam bai yafe ba. A wurinsa an shiga gidan marigayi ne an canja masa hoton bango. Idan ka kuskura ka ce ai sabon ya fi kyau, zai tuno maka George Lucas, wanda a 1997 ya koma cikin Star Wars ya gyara har wanda ya fara harbi tsakanin Han Solo da Greedo, kamar alƙalin da ya sake rubuta shari'a bayan an yi shekara 20 da rataye mai laifi.

Kada a raina Malam, domin yana da gawarwakin da yake nunawa. Tsohon talabijin kusan murabba'i ne, huɗu a faɗi uku a tsaye. Na yanzu shimfiɗaɗɗe ne, 16 da 9. Mai son cika allo dole ya yi ɗayan biyu: ko ya datse sama da ƙasa, ko ya buɗe gefen da darakta bai nufi a gani ba. An datse Thunderbirds, shirin 'yan tsana na Ingila na 1965, da aka fara sa shi a Blu-ray. Shi kuwa Buffy the Vampire Slayer, da aka sabunta shi a 2014, buɗe gefen aka yi, sai ga ma'aikata tsaye a bakin hoto suna kallon ikon Allah, aka kuma haskaka wani wurin da aka shirya a matsayin dare har ya koma hantsi, alhali masu shan jinin da ke cikin labarin rana ce ajalinsu. Wannan aikin telan da aka kai wa riga wanki ne ya mayar da ita 'yar shara.

Sai dai na lura da wani abu game da Malam. Da aka fitar da Star Trek na farkon a Blu-ray a 2009, an sa tsohon kumbon da sabon duka a faifai ɗaya, mai kallo ya zaɓa. Na zaci zai yi murna. Ina! Sai ya ƙara tsuke fuska, irin ta wanda aka biya bashi alhali ya fi son ya ci gaba da bi. A nan na gane ba kumbon roba yake karewa ba. Yana kare wani yaro ne ɗan shekara 10 da ke zaune a ƙasa gaban akwati, ƙanensa na waje yana juya eriya ana yi masa ihu “ya yi, ya yi, tsaya haka!” Wannan kuwa babu kamfanin da ke da nagetif ɗinsa.

Daga gefe, riƙe da kalkuleta, ga Akanta. Ba ya son shirin, ba ya ƙinsa. Bai taɓa kallo ba. Amma shi kaɗai ya san dalilin da ya sa aka wanke wani aka bar wani, kuma labarinsa ya cancanci a zauna a ji. Shirin 1966 a zaren fim aka ɗauke shi, a zaren fim aka yanka aka haɗa, saboda haka kammalallen kashi yana nan a gwangwani, sai dai a ɗauko a wanke. Na 1987 kuwa wayon zamani ne ya cuce shi. An ɗauka a fim, amma don sauƙi da arha sai aka juye a kaset ɗin bidiyo, aka yi duk yanka da haɗi da siddabarun harbi a kan kaset ɗin. Kaset kuma abin da ya kama ya kama, layi 480 ne ko ka yi masa wankan tsarki. Saboda haka da aka zo sabuntawa, babu wani kammalallen fim da za a wanke. Sai da aka koma ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa a jihar Pennsylvania aka kwaso gwangwani wajen 25,000 na ɗanyen fim, aka zauna ana neman kowace fitowa, ana sake haɗa kashi 178 daidai yadda editocin farko suka yi, ƙiftawa da ƙiftawa. A wani kashi mai suna Sins of the Father daƙiƙa 13 suka ɓace, aka cike gurbin da tsohon kaset, sai daga baya aka gano su a wani gwangwanin. Aikin ya kai har ƙarshen 2014, kuma waɗanda suka yi shi sun ce ya lashe sama da dala miliyan 12. Ana gamawa sai aka waiga aka ga kasuwa ta watse: jama'a sun daina sayen faifai, sun koma kallo ta intanet. Akanta ya rufe littafinsa, ya sa biro a aljihu, kuma har yau ba a ga ya sake ciro shi ba.

Wanda wannan rufe littafi ya mayar maraya shi ne masoyin Deep Space Nine. Ka gan shi ka ga mai jiran gawon shanu. Shirinsa na 1993 zuwa 1999, kashi 176, da yawa na rantsuwa ya fi sauran zurfin labari, amma yana nan da hazo kamar an ɗauke shi ta cikin labule. Matsalarsa ta fi ta yayansa The Next Generation muni, don yaƙe-yaƙen kumbo na shekarun ƙarshe da kwamfuta aka zana su, a ƙaramin ma'aunin talabijin na lokacin, ba su taɓa hawa zaren fim ba balle a je a tono. Sai dai a sake yin su da kwamfuta. Da tsohon jagoran marubutan shirin, Ira Steven Behr, ya yi fim ɗin tarihinsa mai suna What We Left Behind da kuɗin da masoya suka tara, an wanke kimanin minti 20 an sa a ciki. An lasa wa maraya zuma a baki aka ɗauke kwalbar. Duk shekarar da shirin ya cika wani adadi mai sifili ko biyar a ƙarshe, sai ya yi wanka ya zauna jiran sanarwa. Na taɓa tambayar wani irinsa ko ya sayi faifan The Next Generation lokacin da Akanta ke ƙirga ciniki. Ya ce a'a, yana jira ne farashi ya sauko.

Ga ra'ayina, tunda na shigo tsakiyar fili: a wanke. Mutanen da suka ɗinka kayan nan, suka sassaƙa kumbon, suka kwashe awowi suna liƙa wa Michael Dorn goshin Worf kowace safiya, sun yi aikin da ya fi abin da akwatin zamaninsu ya iya nunawa, kuma hakkinsu ne a gani. Shirin Babylon 5 ma da aka daina yi masa dabara aka mayar da shi murabba'insa na asali a 2021, ya fi yadda faifan DVD ya miƙe shi kyau nesa ba kusa ba. Wanki na ce, ban ce ɗinki ba. In kwali ya fito, ya fito.

Bokan Kwamfuta bai yarda da jira ba. Ya ce me za a yi da gwangwani 25,000 alhali ga ƙirƙirarriyar basira? Sai ya ɗura wa na'urarsa tsohon DVD na Deep Space Nine, ta kwana tana huci kamar injin markaɗe, da safe ya fito da sakamako yana taƙama. Ita na'urar ba ta san abin da kyamara ta gani ba, canka take yi: inda ta ga duhu-duhu sai ta ce wataƙila ido ne, ta zana ido. Daga nesa abin gwanin sha'awa. Matso kusa ka ga fuskar Kyaftin Sisko sumul kamar amaryar da aka cika wa hoda, na bayansa an ƙara masa haƙori, rubutun jikin bango kuma ya koma wani harshe da ko halittun cikin shirin ba sa ji. Ka nuna masa, ya ce ai wannan tsohuwar manhaja ce, ka jira ta wata mai zuwa.

Mai Waya ba ruwansa da duk wannan. An tura masa kashin ta Xender, an matse shi ya koma megabait 40, gilashin wayar ya tsage biyu, kuma in ka tambaye shi ya hoton, sai ya ce, “Tangaran!”

Uwargida ma tana da nata hukuncin. Na taɓa jera mata tsohon da sabon, na ce ta faɗi bambanci. Ta duba nan, ta duba can, ta nuna Spock ta ce, “Malam, wannan mai kunnen zomon har yanzu yana nan?” Na ce ai Leonard Nimoy da ya fito a matsayinsa ya rasu tun 2015. Ta ce, “Allah sarki. To sa mana labarai.”

Wanda na fi girmamawa a cikinsu ba ya ma shiga gardamar, don shi bai kai ga zancen wanki ba, kayan wankin yake nema. Shi ne Mai Tonon Gwangwani. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗin Doctor Who tana ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu, saboda kaset na da tsada kuma ba wanda ya zaci za a sake neman wasan yara na baƙi-da-fari. Sautin ya tsira ne kawai don wasu masoya a Ingila sun riƙa kanga rakoda a bakin talabijin. Hoton kuwa sai a kofen fim mai milimita 16 da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Wani Bature, Philip Morris, ya bi sawun kofen nan ƙasa-ƙasa, sito-sito, har a 2013 aka sanar da cewa ya samo kashi 9 da aka fid da rai da su, na zamanin da Patrick Troughton ke jarumin shirin: biyar daga The Enemy of the World, huɗu daga The Web of Fear. Ina ya same su? A Jos, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, jere a kan kanta da ƙurarsu. Waɗanda suka ɓace suka ragu daga 106 zuwa 97, aka yi ta shagali a Landan.

A ƙa'ida, tashar da ta gama nunawa takan mayar da kofen, ko ta tura wa ta gaba, ko ta lalata shi. Ke nan akwai wani mutum na ƙarshe a jerin nan da ba a taɓa yi wa godiya ba, wato Malam Bari-Sai-Gobe, ma'ajin da na tabbata takarda ta iso teburinsa, ya karanta, ya ce to, ya ɗora kofin shayi a kai, shekara 40 suka wuce. Morris ya ce da ya fara shiga ɗakin har da kashi na 3 na The Web of Fear a kan kantar, amma kafin a kwaso kayan ya yi ƙafa. Yana zargin wani mai tara kayan tarihi ne ya saye shi a ɓoye. Ni kuwa duk lokacin da na ratsa Jos, na ga mai shayi ya ajiye canjinsa a wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa, sai na ƙara kofi ɗaya don in samu damar leƙawa.